Ranar da Buhun Albasa Ya Shiga Ajin Turanci

Ko da zan tsufa har in riƙa tambayar jikokina sunayensu, ba na jin zan manta ranar da na yi koyarwar gwaji a wata makarantar sakandare a Jega. Na shiga azuzuwa da yawa bayan wannan rana, amma har yau in na ɗauki alli zan rubuta wata doguwar kalmar Turanci a allo, sai in ji kamar warin albasa ya biyo ni cikin ajin.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don in ba ku san wannan ba, sauran labarin ba zai zauna muku ba. Ni mai tsoron kuskure ne tun ina ƙarami. In aka tambaye ni ko za a yi ruwa, ko da yayyafi ya fara taɓa mini fuska, abin da zan ce shi ne, “Da alama dai.” A jami'a, inda na karanta Turanci, wannan hali ya taimake ni, don ba na rubuta abu sai na duba shi a wuri biyu ko uku. Amma da na gama bautar ƙasa na dawo gida Mungadi, sai na tarar duniya ba ta tsayawa ta jira mutum ya gama dubawa. Na nemi aiki duk inda na ji labari, shiru. Koyarwa nake so, ba don na rasa wani tunani ba, ita ce dai abin da raina ya kwanta da shi tun ina firamare.

Ina da kawu, ƙanen Inna, ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Yana saye daga gonakin Sabiyal da kewaye, ya cika mota ya tura kudu. Ya daɗe yana neman wanda zai riƙa raka masa kaya, ya zauna can watanni yana kula da ciniki, kuma yana son mai jin Turanci. Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni zaure.

“Karatu ka yi shi, mun gode Allah,” in ji shi. “Amma zaman ga ya isa. Kawunka na son mutum. Motar da za ta tahi bayan wagga, da kai za ta tahi.”

Na sunkuyar da kai na gaya masa cewa wata makaranta a Jega ta ce in zo a gwada ni, kuma wataƙila za a dace.

“To, tahi ka gwada. In sun ɗauke ka, alhamdu lillahi. In ba su ɗauke ka ba, kada ka zo min da wataƙila. Ka ɗauki jakarka ka bi mota.”

Kada a ji kamar ina raina sana'ar albasa. Ita ta riƙe danginmu, da ita aka taimaka mini har na gama karatu. Amma na san waɗanda suka bi mota da niyyar wata uku, har yau suna can. Na san in na hau motar nan, ni da aji mun yi bankwana.

Kafin ranar gwajin, Baba ya tura ni Aliero in riƙa taya kawu aiki, in fara sabawa. Lokacin zafi ne, kakar albasa ta kankama, ko'ina ka duba buhuna ne jere an ɗinke bakinsu. Wanda bai taɓa ɗaga buhun albasa ba zai zaci ƙarfi kawai ake bukata. Ba haka ba ne. Mutum biyu ne za su kama buhun, ɗaya nan ɗaya can, su yi lilo da shi a hankali, su kai su dawo, sannan a wuri ɗaya tak kowa ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya, a aza wa ɗan dako a baya. Bayan an aza, sauran gyara ne kawai, a ɗan tura nan, a ɗan dafa can. In ɗaya ya yi jinkiri a wurin azawa, buhu ya tafi ƙasa, albasa kuma in ta bugu ba ta daɗewa take ruɓewa.

Ni kuwa ranar farko, daidai wurin azawar sai na tsaya tunanin ko yanzu ne ko sai lilo na gaba. Buhu ya kufce ya faɗi tim. Kawu yana zaune a kan benci, ya tashi ya zo yana dubana daga sama har ƙasa.

“Ɗan Inna, mi ya same ka?”

“Kawu, na ɗauka wataƙila za a ƙara lilo ɗaya.”

“Wataƙila! Kai komi sai ka sa mai wataƙila. To buhu bai san wataƙila ba. In an zo wurin azawa, aza!”

'Yan dako suka yi ta dariya, daga ranar suka laƙaba mini Malam Wataƙila. Ban ji daɗi ba, amma na koyi aikin. Kafin sati ya zagayo jikina ya gane wurin azawa ba tare da na yi tunani ba.

Ina cikin wannan aiki aka bugo mini waya daga makarantar, aka gaya mini darasin da zan koyar. 'Yan babbar sakandare za a ba ni, in koya musu inda ƙarfin murya yake sauka a kalmar Turanci. Ga wanda bai sani ba, a Turanci kowace kalma mai gaɓa fiye da ɗaya tana da gaɓa guda da ake danna wa ƙarfi fiye da sauran. Mu kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya, da dogon wasali da gajere, amma wannan dannawar baƙuwa ce a wurinmu, shi ya sa take kayar da yaranmu a jarabawar fita.

Da na ji darasin sai na ji daɗi, don na taɓa yin nazari a kansa, har na san wasu kalmomi da ba kowane malami ya taɓa cin karo da su ba. Turawa suna da sunan gaɓar ƙarshe ta kalma, “ultimate”. Wadda take kafin ta ƙarshe suna ce mata “penultimate”, wadda take kafin wannan kuma “antepenultimate”. Ba su tsaya nan ba. Kalmar da ƙarfinta yake a gaɓar ƙarshe sunanta “oxytone”, wadda nata yake kafin ta ƙarshe “paroxytone”, wadda nata ya ƙara ja baya “proparoxytone”. Na ce a raina, in na jera waɗannan a allo, ai duk mai sauraro zai san na yi karatu. Ina jin, in zan faɗi gaskiya, tsoro ne ya sa na riƙe su, kamar mai shiga daji da ya cika aljihunsa da duwatsu.

Don kada in furta su ba daidai ba, sai na riƙa saurarensu a ƙamus na waya, ina maimaitawa, har caji ya ƙare in kai shago a sa mini, in dawo in ci gaba. Wata rana ina zaune a inuwar rumfa ina ta “antepenultimate, antepenultimate”, ban san kawu yana bayana ba.

“Wanga sunan magani ne ko na aljani?”

“Kawu, sunan gaɓa ne.”

“Gaɓa? To in ta targaɗe, ka san garin da kake. Masu ɗori na nan bayan kasuwa.”

Bayan kalmomin, na kuma tanadi wata dabara da na karanta a wani littafin koyar da malamai da aka rubuta a ƙasar waje. Marubucin ya ce in ɗalibi ya kasa gane gaɓar da take da ƙarfi, a ce masa ya kira kalmar da babbar murya kamar yana kiran wani daga nesa, gaɓar da ya ja, ita ce mai ƙarfin. Na ga dabarar ta yi kyau. Na duba ta a wani wurin ma, na ga an ambace ta. Abin da ban yi ba shi ne in gwada ta a bakin mutum ɗaya daga cikin mutanenmu.

Ranar gwaji na isa Jega da wuri, rigata a goge. Mutum biyu ne za su saurare ni. Akwai shugaban makarantar, dattijo mai farin gemu wanda ba ya yawan magana, da babbar malamar Turanci, mace mai tabarau wadda aka ce ta fi shekarun haihuwata tana koyarwa. Suka zauna a bayan aji. Ɗalibai kuwa cike, maza a gefe ɗaya mata a gefe ɗaya, duk sun zuba mini ido.

Na yi sallama, na juya na rubuta kalmomina shida a allo, manya-manya. Na fara bayani da Turanci, ina cewa wasu masana suna ganin kaza, kodayake akwai masu cewa kaza, kuma ba lalle ne a ce kullum haka yake ba. Ina magana ina jin muryata tana ƙanƙancewa. Ajin ya yi tsit, amma ba irin shirun masu fahimta ba. Wata yarinya a gaba tana ta ƙoƙarin kwafar “proparoxytone”, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Na saci kallon baya, na ga shugaba ya ɗora haɓarsa a kan sandarsa, idonsa ya fara lumshewa.

Sai na ce bari in fito da dabarata. Na rubuta “banana” a gefe, na ce, “Ku kira wannan kalma da ƙarfi, kamar kuna kiran wani daga nesa. Gaɓar da kuka ja, ita ce mai ƙarfi.”

Nan take ajin ya farka. Ai ba a taɓa ba su izinin yin ihu a aji ba. Suka haɗa baki, “Bananaaaa!”

Na ce, “Wace gaɓa kuka ja?”

“Ta ƙarshe!”

Ba daidai ba ne, ta tsakiya ce mai ƙarfi. Na ce a raina wataƙila kalmar ce ba ta dace ba. Na rubuta “hospital”, wadda ƙarfinta yake a gaɓar farko.

“Hospitaaaal!”

“Wace gaɓa?”

“Ta ƙarshe, Malam!”

Duk kalmar da na ba su, wutsiyarta suke kamawa su ja. Malamar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Cikin ruɗewa na rubuta “engineer”, don ita dai na san ƙarfinta a ƙarshe yake, ko ba komai a samu guda ɗaya daidai. Suka cika ƙirji da iska suka saki, “Engineeeer!”

Ashe a waje, bayan ginin ajin, akwai wani mai gyaran janareta da ake kira in injin makarantar ya lalace, kowa Injiniya yake ce masa. Sai muka ji murya daga waje, “Na'am! Ga ni tahe!” Kafin a ce wani abu, ga shi a bakin taga, hannu duk baƙin mai, yana haki.

“Lahiya? Wa ke kira na haka kamar gobara?”

Ajin ya fashe. Wasu har da kifa kai a kan tebur. Shugaba ya farka sarai, ya ɗaga masa hannu ya ce ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, abin da nake gani a idona shi ne motar kawu, an cika ta, an ɗaure tamfol, an bar mini wuri kusa da direba.

Amma amsawar da mutumin nan ya yi ita ta buɗe mini ido. Yaran ba su yi kuskure ba. Kira na ce su yi, kuma sun yi kira irin namu, har wanda aka kira ya amsa. Mu a nan, in kana bakin fadama kana kiran wani yana can ƙarshen gona, ba ruwanka da yadda sunansa yake. Ƙarshensa kake kamawa ka ja har numfashinka ya ƙare. Haka nake kiran “Innaaa” tun ina yaro, haka ake kiran “Kawuuu” a kasuwa. Wanda ya rubuta littafin nan, a garinsu wani irin kira ake yi. Na ɗauko dabarar mutanen da ba su taɓa kiran kowa a fadamarmu ba.

Na ɗaga hannu zan share gumi, sai kafaɗata ta amsa, ciwon dakon da na yi a Aliero bai sake ni ba. A nan abin ya faɗo mini. Ƙarfin gaɓa ba ja ba ne. Ba tsawo ba ne. Azawa ce.

Zuciyata ta ce, wataƙila za su ɗauka wasa kake yi, wataƙila shugaba ba zai so a kawo zancen dako cikin aji ba. Sai na ji muryar kawu kamar yana bayana. Na ɗauki abin goge allo na share kalmomin nan shida gaba ɗaya, na juyo na yi magana da Hausa.

“Laifina ne, ba naku ba. Mu sake. Wa ya taɓa aza buhun albasa?”

Suka dubi juna. Sannan hannuwa suka fara tashi a ɓangaren maza, wani dogo daga baya ya ce, “Malam, ai aikinmu na hutu ke nan.”

Na kira shi da abokin zamansa. Na karɓi jakar wani, muka cusa mata littattafai har ta yi nauyi, na ce su kama ta ɗaya nan ɗaya can, tebur kuma shi ne bayan ɗan dako. Na ce, “Kowace gaɓa motsi ɗaya ce. Gaɓa marar ƙarfi lilo ce ko gyara. Mai ƙarfi ita ce azawa. Zan faɗi kalma, ku saurara da kyau, ku aza inda kuka ji na aza.”

Na faɗi “banana” yadda take. Suka yi lilo ɗaya a “ba”, suka ɗaga jakar suka dire ta a tebur a “na” ta tsakiya, ɗayan ya ɗan dafa ta a “na” ta ƙarshe. Na ce ajin duka su faɗa tare da su. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don kalmar ta fito daga bakinsu daidai, ba ja, ba waƙa.

Na ba su “hospital”. Dogon ya fara lilo, abokinsa ya riga ya ɗaga, jaka ta karkace ta zube, littattafai suka watse.

“Kai, ba ka ji ba? Wagga ba ta da lilo, daga farko aka aza ta!” in ji abokin.

“To ai sai ka hwaɗi, ba ka fizge min hannu ba!”

Aka yi dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Suka sake, suka aza a “hos”, gyara biyu suka biyo baya. Na ba su “afternoon”, suka yi lilo biyu suka aza a ƙarshe. 'Yan mata suka ce su ma sai sun yi, ai suna ɗora wa juna tulu da dami, wa ya ce maza kaɗai suka san azawa. Aka ba su tasu jakar. Kafin wani lokaci kowa a zaune yana lilo da hannu yana bugun tebur a wurin azawa.

Saura sunayen gaɓoɓin, tunda daga ƙarshe ake ƙirgo su. Na tambaya, “Su wane ne auta a gidansu?” Wasu suka ɗaga hannu ana yi musu tsiya. Na ce to gaɓar ƙarshe ita ce auta. Wadda take kafin ta fa?

Yarinyar nan ta gaba, mai rubutu tana gogewa, ta ce, “Yayar auta ke nan, Malam. Ni ce a gidanmu. Auta ya yi ɓarna, ni ake duka.”

Na ce madalla, to wadda take kafin yayar auta ita ce yayar yayar auta. Na riƙa jefo kalmomi suna amsawa. “Tomato”? Yayar auta! “Saturday”? Yayar yayar auta! “Engineer”? Suka amsa da raɗa, suna duban taga, auta.

A nan ne malamar ta mayar da tabaranta ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

“Malam, wannan doguwar da ka goge, ta ukun. Sake rubuta mana ita, a aza mana mu gani.”

Na rubuta “antepenultimate”, na raba ta gaɓa-gaɓa, na gaya wa yaran cewa ita ce sunan da Turawa suke kiran yayar yayar auta. Na kira 'yan mata biyu suka kama jaka. Na furta ta a hankali yadda na sha ji a waya. Lilo, lilo, lilo, suka aza a “nul”, gyara biyu suka biyo. Muka ƙirgo daga baya tare. Auta, yayar auta, yayar yayar auta. Ashe kalmar a daidai wurin da take ba wa suna take ɗauke da nata ƙarfin. Yaran suka yi ta tafi kamar su suka ƙirƙiro ta.

Malamar ba ta yi tafi ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ka tabbata nan ne?”

Ba zan ɓoye muku ba, “wataƙila” ta taso har ta iso bakina. Na ji ta a kan harshena. Amma kalmar nan na saurare ta har cajin waya ya ƙare ba sau ɗaya ba, na duba ta, na sake dubawa. In ban tabbata da wannan ba, da me zan taɓa tabbata? Na haɗiye, na ce, “Na tabbata, Malama.”

Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta rubuta wani abu. Aka buga ƙararrawa.

A ofis aka bar ni a tsaye na ɗan lokaci, shugaba yana ta juya sandarsa. Sannan ya ce, “Zauna, ɗana. Rabin farko na darasinka, da na bi ta raina, da na tashi na tahi. Ban san ko Turanci kake ba ko addu'ar korar ɓera.”

Na ce, “Allah ya ba da haƙuri, Baba.”

Malamar ta ce, “Kalmomin nan naka ba laifi ba ne ka san su. Ni ma na daɗe ban ji wanda ya ambace su ba. Ka ajiye su a aljihu, in ka samu yaron da ya tambaya, ka ciro masa. Amma na ga malamai da yawa, in dabara ta ƙi su, sai su ɗora wa yara laifi su ci gaba da ita har a tashi. Kai ka ce laifinka ne, ka goge allo. Wannan nake nema.”

Shugaba ya ce za su ɗauke ni zango ɗaya su gani, in na riƙe, a tabbatar da ni. Ina miƙewa ya ƙara da cewa, “Malam, abu ɗaya. A bar Injiniya ya yi aikinai.” Wannan ne karo na farko da wani dattijo ya kira ni Malam ba da tsiya ba.

Daga Jega Aliero na fara wucewa, don kawu ya samu lokacin neman wani. Na same shi ana lodi. Na ba shi labari tun daga farko, 'yan dako suka bar aiki suka kewaye mu, da na zo wurin Injiniya har wani ya zauna a ƙasa don dariya. Kawu ya girgiza kai ya ce, “To, ni na yi hasarar ɗan rakiya. Amma ka gaya ma shugaban naku, buhun da anka yi karatun da shi nawa ne. In yara sun ci jarabawa, a zo a gaishe ni.” Ya sa aka ɗaura mini ƙullin albasa a bayan babur, ya ce in kai wa Inna.

Na isa Mungadi rana ta yi sanyi, Baba yana zaure. Bai bari na gama gaisuwa ba.

“Sun ɗauke ka, ko wataƙila?”

“Sun ɗauke ni, Baba.”

Ya dube ni ya ce, “Allah shi yi albarka. Shiga ka gaya ma uwarka, tun safe ba ta ci komi ba.”

Na riƙe zangon, aka tabbatar da ni. Har yanzu da jaka nake koyar da wannan darasi, kuma a kowane aji akan samu ɗaya ko biyu da za su biyo ni bayan an tashi su ce, Malam, mene ne sunan yayar auta da Turanci? Sai in ciro musu daga aljihu, in ga idonsu yana haske. Ban daina son kalmomin nan ba. Na dai daina sa su a gaba kamar garkuwa.

Abin da ranar nan ta koya mini, in zan iya taƙaita shi, shi ne duk abin da ka ɗauko daga nesa, ko da ka duba shi a littafi goma, gwada shi a bakin mutanenka kafin ka dogara da shi, don su da irin kiransu, kuma ta abin da hannunsu ya riga ya sani za su kama sabo. Ban rabu da taka-tsantsan ba, har gobe ina dubawa in sake dubawa, kuma ba na jin wannan aibu ne. Lilo yana da amfaninsa. Amma na gane ba a yin lilo har abada da kaya a hannu, wani yana duƙe yana jira. In ka gama dubawa, aka zo wurin azawa, ka aza.